GYARA KO JUYI?

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan an yi lisha, aka taru a babban ɗakin taro aka yi muhawara a kan wata magana wadda har yau ba ta bar bakin 'yan makaranta ba. Abin da aka aza shi ne, wai ratar da ke tsakanin mai shi da maras shi ta kai inda gyara ba ya maganinta, sai juyi, watau a kife tsarin zaman duka a kafa sabo. Aka yi ta kai da kawowa har aka buga ƙararrawar barci. Da aka ƙidaya hannuwa sai masu juyi suka rinjaya da kaɗan. Mu dai ba mu sami bakin magana ba a daren nan, don lokaci ya ƙure kafin a zo kanmu. Shi ya sa muka roƙi Edita ya ba mu fili mu faɗi namu a nan, inda ba mai buga tebur ya ce mu zauna. Muna roƙon malamanmu da 'yan'uwanmu su yi haƙuri su bi mu har ƙarshe kafin su yanke hukunci.

Bari mu fara da abin da idonmu ya gani. Bara, sa'ad da aka tura mu koyon koyarwa a wata makarantar ƙauye, akwai wani yaro a ajinmu wanda ba mu taɓa ganin mai saurin lissafi kamarsa ba. Kafin mu gama rubuta tambaya a allo ya ɗaga hannu. Da ruwa ya sauka sai muka daina ganinsa. Muka tambaya, aka ce ai ubansa ya jinginar da gonarsa tun bazara, yanzu shi da yaron suna ƙwadago a gonakin mutane. Ɗan mutumin da ke riƙe da gonar kuwa yana nan zaune a layin gaba, bai taɓa fashi ba ko kwana ɗaya. Ba mu ga laifin wannan yaro ba, don bai ɗauki kayan kowa ba. Amma tun daga ranar ba mu ƙara iya jin maganar mai shi da maras shi kamar wasan baki ba. Duk wanda ya miƙe a ɗakin taro ya ce a bi a hankali, sai mu tuna da gurbin nan da ya zauna ba kowa har muka gama kwanakinmu muka dawo.

Ya kamata mu san yadda abin ya ke tafiya, gama wanda bai san ciwo ba ba ya zaɓen magani. Manomin da rumbunsa ba ya kai shi wata kaka yakan sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, don biyan bashi da biki da suna, da kuma haraji a zamanin da a ke karɓarsa. In damina ta yi tsaka, rumbu ya ƙare, sai ya koma ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashin dami ɗaya a kan zai biya biyu. Don ya sami na tuwon dare sai ya tafi ƙwadago, ciyawa ta cinye tasa gonar, amfanin bana ya kasa na bara. Shekara biyu ko uku a haka sai jingina, bayan jingina sai sayarwa. Wanda rumbunsa ya cika kuwa, shi ke saye da kaka ya sayar da damina, shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago, shi ke karɓar jingina. Ga shi ba a tare kowa a hanya ba, ba a fasa gidan kowa ba, amma gona ta bar hannu ta koma wani hannu.

A daren muhawara wani ɗan'uwa ya ce ai yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne, Allah ne ya yi wani da wadata wani da rashi. Gaskiya ne mutane ba za su taɓa zama daidai ba wajen ƙarfi da basira da himma, kuma ba wanda ya nemi a mai da su daidai. Amma a makarantar allo da ta ilmi, inda aka koya mana arziki na Allah ne, can aka koya mana cewa matalauci yana da hakki cikin dukiyar mawadaci: ɗaya cikin 10 na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 na wadda aka sha wahalar ban ruwa, ɗaya cikin 40 na kuɗin da suka kai nisabi suka shekara. Can kuma aka haramta riba a kan bashi. Ashe shari'ar da ta yarda da bambanci ita ce ta ƙi a bar shi ya yi ta faɗi ba iyaka. Bambancin da ya zo daga himma daban, wanda ya zo daga tauye mudu da toshe wa yaro ƙofar makaranta daban. Na biyun nan mutane suka yi shi da hannunsu, mutane kuma za a tambaya.

To, tun da mun yarda akwai ciwo, sai mu duba waɗanda suka sha maganin juyi, mu ga yadda suka kwana. A Faransa kafin 1789 an kasa mutane kashi uku: malaman coci, da sarakai, da sauran jama'a, waɗanda su ne wajen 97 cikin 100. Babban harajin ƙasa a kan kashi na ukun nan ya ke, ga kuɗin gishiri, ga na coci, ga na ubangidan ƙasa, ga aikin tilas na gyaran hanya. Cikin 1776 wani waziri mai suna Turgo ya sa aka hana aikin tilas, ya ce a maye gurbinsa da kuɗin da duk mai ƙasa zai biya, har da sarakai. Sarakai suka tasam masa, Sarki Luwi na 16 ya sallame shi a shekaran nan, aka mai da aikin tilas. Cikin 1788 amfanin gona ya lalace, burodi ya yi tsada, baitulmali kuwa ba kome sai bashi. Dole Sarki ya kira taron wakilan ƙasa, wanda rabon da a yi shi tun 1614. Ran 14 ga Yuli 1789 mutanen Faris suka fasa kurkukun Bastil. Abin da aka hana Turgo ya yi da alƙalami, sai ga shi an yi wanda ya fi shi nesa da gatari.

Ba za mu ɓoye ribar da aka samu ba. An soke gatan sarakai, an kawar da kuɗaɗen da manomi ke biyan ubangidan ƙasa, an ce kowa ɗaya ne gaban shari'a. Amma a dubi abin da aka biya. An sare kan Sarki cikin Janairu 1793. Daga nan zuwa tsakiyar 1794 kotunan juyi suka yanke wa mutum wajen 17,000 hukuncin kisa, ban da waɗanda suka mutu a kurkuku da fagen fama. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, sarakai da malaman coci ba su kai ɗaya cikin 5 na waɗannan ba, sauran duk mutanen kashi na uku ne, galibinsu manoma da masu aikin hannu, watau waɗanda aka ce dominsu aka tashi. Robesfiyar da ya shugabanci kisan, shi ma aka sare nasa kan cikin Yuli 1794. Cikin 1799 wani sojan da a ke kira Napoliyon ya ƙwace mulki, cikin 1804 ya naɗa kansa sarkin sarakuna, ya kwashi 'ya'yan manoma ya kai su yaƙi har ƙasar Rasha. Cikin 1814 sai ga ƙanen Sarkin da aka kashe bisa gadon sarauta.

Rasha ma haka. Cikin 1861 Sarkinsu ya 'yanta manoma fiye da miliyan 20 waɗanda da a ke gadonsu tare da ƙasa, amma aka ɗora musu bashin kuɗin gonakin da za su yi shekara 49 suna biya. Cikin Janairu 1905 ma'aikata suka ɗauki takardar kuka suka nufi fada, soja suka buɗe musu wuta. Da ƙasa ta rikice Sarki ya yarda da majalisa, ta zauna cikin 1906, ba ta cika wata uku ba ya kore ta. Cikin 1917, ana tsakiyar yaƙi da yunwa, aka tuɓe shi, kafin shekara ta ƙare Lenin da mutanensa suka karɓi mulki, suka ce ƙasa ta manoma ce. Suka buɗe makarantu ƙwarai da gaske. A ƙidayar 1897 masu iya karatu tsakanin 'yan shekara 9 zuwa 49 ba su kai ɗaya cikin 3 ba, a ta 1939 sun haura 4 cikin 5. Mu da za mu zama malamai ba ma raina wannan. Amma yunwar 1921 zuwa 1922 ta kashe mutum wajen miliyan 5. Daga 1929 Istalin ya karɓe gonakin da aka ba manoma ya haɗa su gandun gwamnati, yunwar 1932 zuwa 1933 ta sake cinye miliyoyi. Wanda ya buɗe baki kuwa sai sansanin aikin tilas. Cikin 1991 daular duka ta wargaje.

Ba sai mun ƙetare teku ba ma, ƙasarmu ta ga nata. Mun sani jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo don tsai da addini aka yi shi, amma duk wanda ya karanta Kitabul Farƙi ya san zaluncin da a ke yi wa talaka yana cikin abin da Shehu ya tsaya a kai, gama ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da a ke kai wa masu mulki, ya ƙidaya su cikin al'adun da ba su da tushe a shari'a. Abin da mu ke so 'yan'uwa masu son juyi su lura da shi shi ne, Shehu ya yi wajen shekara 30 yana wa'azi kafin a zare takobi. Wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba. Abu biyar ya roƙa, cikinsu har da a saki 'yan kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya yarda, aka zauna lafiya. Sai da Nafata ya zo ya ƙuntata wa jama'a, Yunfa ya biyo baya ya ƙara, sa'an nan aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin Yuni, Alƙalawa ta faɗi cikin 1808.

Aka sami daula mai faɗi, ilmi ya yaɗu, alƙalai suka zauna, hanyoyin fatauci suka buɗe. Duk da haka tun ba a gama yaƙi ba, cikin 1807, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya ga yadda son dukiya da sarauta ya shiga zukatan waɗansu mayaƙa, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano ne suka tsai da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don ya nuna yadda a ke mulki da adalci. Rinji da gandu suka cika da bayi. Jangalin da aka yi kuka da shi ya komo, Turawa suka zo suka tarad da shi suka ci gaba da karɓa. In mutane irin waɗannan, masu ilmi da tsoron Allah, sun kasa hana ɓarna ta biyo bayan takobinsu, ina ga mu? Juyi yana da saurin sauya mai hawan doki. Sauya zaman wanda ke yankan ciyawar dokin shi ne aikin da ba ya yiwuwa cikin dare ɗaya.

Kada masu son gyara su yi murna tukuna, don yanzu kansu za mu juyo. Sun kawo Ingila misali, suka ce dubi ƙasar da ta gyaru ba a sare kan kowa ba. To, mu dube ta. Cikin Agusta 1819 mutum wajen 60,000 suka taru a Manchesta suna neman a ba su wakilai a majalisa, mahaya suka auka musu da takubba, fiye da 10 suka mutu, ɗaruruwa suka yi rauni. Cikin 1831 majalisar sarakai ta ƙi dokar gyaran zaɓe, aka ƙone gidaje a Biristol. Sai da manya suka ga abin da ya sami Faransa yana ƙwanƙwasa ƙofarsu sa'an nan suka sa hannu cikin 1832, kuma ko a lokacin namiji ɗaya ne cikin wajen 5 ke da ƙuri'a. Ma'aikata suka haɗa kai suka kai takardar buƙatu 6 har sau uku, cikin 1839 da 1842 da 1848, duk aka watsar. Amma daga baya 5 daga cikin buƙatun nan sun zama doka.

A bi sauran a ga tsawon tafiyar. Cikin 1833 aka hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙa. Cikin 1842 aka hana tura mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 cikin ramin kwal. Cikin 1870 aka yi dokar kafa makarantun elementare ko'ina. Cikin 1908 aka yanka wa tsofaffi matalauta 'yan shekara 70 sule 5 a mako. Sai 1928 mace da namiji suka daidaita wajen ƙuri'a, sai 1948 aka fara maganin asibiti kyauta ga kowa. Daga taron Manchesta zuwa 1928 shekara 109 ke nan. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, amma sun ƙara da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Yaron da ya shiga ramin kwal cikin 1830 bai ga ko ɗaya daga cikin na ƙarshen nan ba. Kuma ba ɗaya cikinsu da manya suka wayi gari suka bayar don alheri. Kowanne sai da aka yi taro, aka rubuta, aka yi yajin aiki, aka ɗaure mutane.

Kada kuma a ɗauka gyara kullum tafiyar hawainiya ce. A Japan cikin 1946 aka yi doka gwamnati ta sayi gonakin masu ƙasa waɗanda ba su noma da kansu, ta sayar wa masu aron gona da sauƙi. Kafin nan kusan rabin gonakin ƙasar na haya ne, zuwa 1950 sun koma wajen ɗaya cikin 10. Cikin shekara 4 aka yi abin da Rasha ta zub da jini dominsa, manomi kuma ya riƙe gonarsa. Amma fa mu faɗi gaskiya, sojan Amurka ne ke zaune a ƙasar a lokacin, masu ƙasa ba su da ikon cewa a'a. Wannan ma ya ƙara nuna mana, mai riƙe da abu ba ya saki sai ya ga wani ƙarfi a gabansa.

A gida ma haka tafiyar ta kasance. Cikin 1901 aka yi shela cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekaran nan ɗa ne, amma bauta ba ta haramta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Cikin Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a ba talaka bakin magana. Cikin watan nan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya shugabanta, mutanenta suka sha ɗauri da bulala a kan maganar talakawa. Ɗaya yana magana cikin majalisa da lallashi, ɗaya yana magana a bakin kasuwa da zafi. Aka yi sabuwar dokar En'e cikin 1954, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kafa ƙananan hukumomi cikin 1976, gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali cikin 1979. A ganinmu da ba don mai zafin ba da ba a saurari mai lallashin ba, da kuma ba don mai lallashin ba da zafin bai zama doka ba. Mu tuna kuma, su biyun nan malaman makaranta ne, dukansu sun koyar a Midil ta Bauci, sun kuma goge bakinsu a taron tattaunawa irin wanda muka yi ran Asabar.

To, ga inda muka tsaya. Mu masu goyon gyara ne, domin mun ƙidaya gawawwakin juyi mun ga yawancinsu na talakawa ne, mun kuma ga wanda ya karɓi mulki da takobi ba ya yarda a tambaye shi da baki. Gyara in ya karkace ana iya sake gyara shi baɗi. Kan da aka sare kuwa ba ya komawa. Amma mun ƙi gyaran da ya ke nufin a yi shiru a jira. Mun lura da abu guda cikin labarun nan duka: ba inda aka fara da juyi. Faransa ta sami Turgo ta kore shi, Rasha ta sami majalisa ta rufe ta, Gobir ta sami alkawarin Magami ta warware shi. Ashe ba talaka ke zaɓe tsakanin gyara da juyi ba, manya ke zaɓa masa, ran da suka karɓi kukansa ko suka toshe kunne. Ya kamata mai shi ya fi kowa son gyara, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ƙi gyara kayansa, shi ne wata rana a ke sauke masa a raba.

Yaya za mu gane gyaran gaskiya da na ganin ido? Kowa ya san gidan ƙasa. In ana yi masa yaɓe kowace shekara kafin ruwa, ana gyara indararo, sai jika ya gaji kakansa a cikinsa. Amma in gara ta cinye azara, aka shafa farar ƙasa a waje don baƙi su yaba, ran da aka yi ruwan dare sai ya rufta da masu barci. Saboda haka duk gyaran da aka kawo mana, mu yi masa tambaya uku. Ta farko, ya isa rumbun manomi, ko a takarda ya tsaya? In an kafa asusun ba da rance, a je a ga ko mai cin bashin dami ɗaya ya biya biyu ya daina. Ta biyu, wa ya biya? Gyaran da bai rage wa mai shi kome ba, da wuya ya ƙara wa maras shi wani abu. Ta uku, in an hana talaka abin da doka ta ba shi, yana da inda zai kai ƙara a saurare shi ba tare da ya kai gaisuwa ba? In amsar ukun nan babu ce, to farar ƙasa ce aka shafa.

Saura namu aikin, mu da za a ba alli da rajista nan da 'yan watanni. Ba mu da gona da za mu raba, ba mu da kujera a majalisa. Amma manomin da ya iya lissafi ya san dami biyu a kan ɗaya cikin wata huɗu riba ce wadda ba fataken da ke cin irinta. Wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa a takardar jinginar da bai san abin da ke cikinta ba, yana kuma iya rubuta kukansa da kansa ya aika inda ya dace. Wannan ƙarfi ne irin wanda ke tilasta gyara ba tare da an zub da jini ba, a hannunmu kuwa za a same shi ko a rasa. Sa'an nan ajinmu shi ne wuri na fari da yaro zai ga ko gaskiya ne ɗan sarki da ɗan talaka ɗaya su ke gaban doka. In muka ɗaga wa ɗan mai kuɗi ƙafa don ubansa ya aiko mana da buhun shinkafa, muka zane ɗan ƙwadago don ya makara, to mun koyar da darasin da ya fi duk abin da ke cikin littafi shiga kai, kuma kada mu yi mamaki in yaron nan ya girma ya ɗaga hannu tare da masu juyi.

Mun yi wa kanmu faɗa a kan yaron nan mai lissafi. Mun tambaya, an gaya mana, muka ce Allah sarki, muka ci gaba da darasi. Ba mu taka zuwa gidansu ba, ba mu yi magana da babban malami ko mai unguwa ba, ba mu nemi ko a bar shi ya riƙa zuwa da yamma ba. Mai yiwuwa da mun je ba abin da zai sauya, amma ba mu gwada ba, alhali kuwa tafiyar ba ta fi ta shan ruwa ba. Muna roƙon kowane ɗan'uwa, ko wane gefe ya ɗaga wa hannu ran Asabar, in aka tura shi makarantarsa ya ga gurbi ya zauna ba kowa kwana uku, ya rufe rajista ya je ya tambayi dalili, ya kuma kai maganar gaba har inda ƙafarsa ta iya kai shi. Wanda bai yarda da abin da muka faɗa ba, ga fili nan, Edita ya ce zai buga amsa a fitowa ta gaba. Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin kukan talakawansu tun da sauran lokaci, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.